Waziri a Cikin Kwali

Aku ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Wanda ya tashi tsakanin Gazawa da Agye har zuwa Gidan Rumji ya san kurciya da hasbiya, ya san janbaki mai cinye gero tun yana kan zangarniya, ya san shamuwa da ke zuwa gaban damina. Amma aku mai ruwan toka da jar wutsiya sai dai a keji. Mazauninsa kurmi ne: kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Kwango, da abin da ya saura a Ghana. Hanyar goro ce ta kawo shi gidajenmu. Fatake kan sauka Shagamu ko Agege su ɗaure huhunansu, mai ɗan hali a cikinsu ya haɗo da aku, don a san ya je Kurmi ya dawo da riba.

Haka namu ya zo. Baba ya sayo shi a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, ya sa masa suna Waziri saboda akun nan na Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wanda surutunsa ya kai shi ga sarauta. An rataye kejinsa a reshen bedin da ke tsakar gida, a nan ya shekara kusan 30. Kejin ma na kwana ne kawai, da rana yawo yake tsakanin reshe da kan danga. Ya iya kukan jaki, ya iya ƙarar taɓarya a turmi, har ya kan sa akuya ta waiwaya neman ɗanta. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne Baba. Gyaran muryar da yake yi a zaure kafin ya shigo, da sallamarsa mai jan ƙarshe, da "a kawo buta" na asuba, duk Waziri ya kwashe su, har matan gida kan gyara lulluɓi su ga babu kowa.

Sunan tsuntsu na Baba ne, wahalarsa ta Inna. Ba ita ta haife ni ba, abokiyar zaman mahaifiyata ce, ita ta ƙarasa renona. Ita ke ɓare masa gyaɗa ta zubar da mai fumfuna, ta yanka masa gwaiba da mangwaro, ta fesa masa ruwa da baki in zafi ya tsananta. Kowa ya miƙa yatsa ya sha cizo, ita kuwa sai ya sunkuyar mata da kai ta sosa masa ƙeya.

Baba ya rasu farkon 2023. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Aka yi wa gonaki kuɗi, aka yi wa tumaki da amalanke da shanun huɗa. Da aka zo kan Waziri malamin ya yi murmushi ya ce mu daidaita a tsakaninmu. Ni ne babba, kuma na daɗe da komawa Kano ina harkar aya da wake a Dawanau, sai na ce ni zan tafi da shi. Babu wanda ya musa sai Inna, ita ma ba a gaban mutane ba. Da dare ta kira ni ɗakinta.

"Ɗan nan, ka bar tsuntsun ga inda ya saba. Mi zai yi birni? Hannuna ɗai yake amsar abinci."

Na ce, "Inna, ai can ma gidan Baba ne. Jikokinsa su ma su ji muryarsa."

Ta ce, "Muryar kake so. To, shi fa?"

Ban ba ta amsa ba. Abin da ya zo mini a rai a daren nan har yau ina jin kunyarsa: na ɗauka tana so ne ta riƙe wani abu mai daraja da bai shiga rabo ba, don na san kuɗin da aku mai magana ke yi a kasuwa. Matar da ta ciyar da ni da hannunta, na auna ta da ma'aunin Dawanau.

Ƙanena, malamin makaranta a Cadawa, shi ma ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, ka bi ta wurin ma'aikatan gandun daji da likitan dabbobi tukuna. Aku ba kaza ba ne, akwai doka a kansa." Na yi masa dariya. Iyakar da muke ƙetarawa da manyan motoci cike da buhuna, iyakar da kaji da zabi ke wucewa a ɗaure bisa rufin mota, ita ce za a tambayi tsuntsu fasfo? Dariyar baki ce kawai. A cikina tsoro nake kada in tambaya a ce a'a, shi ya sa na ƙi tambaya.

Da na yanke shawarar ba zan nemi izini ba, sai ya zama dole in ɓoye shi, kuma duk ɓarnar da ta biyo baya daga ɓoyon nan ta fito. Matsalar Waziri bakinsa ne. Mota ta tsaya, ya ji muryar baƙo, sai ya rangaɗa sallama. Direban da na shiga motarsa ya ce a jiƙa rabin ƙwayar barci a ɗura masa, haka masu kai su ke yi. Na ƙi, har ina jin kaina mai tausayi. Sai na naɗe shi da tawul tamau don kada ya yi fiffika, na sa shi cikin kwalin taliya, na huda ramuka da ƙusa, na tura kwalin ƙarƙashin kujera, na kare shi da ƙullin kaya. An ce mini duhu na sa tsuntsu shiru, kuma gaskiya ne. Watan Mayu ne, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40 a inuwa. Lodi ya ja mu, ba mu bar Agye ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Muka bi kwalta ta Cadawa zuwa Maraɗi, muka karkata kudu ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Duk inda aka tsaya gabana ya faɗi, duk inda aka wuce in yi hamdala don kwali bai yi motsi ba. Shirun da nake murna da shi, ashe tsuntsu ne ke neman sheƙawa. Babu wanda ya leƙa ƙarƙashin kujerar nan har muka shiga Najeriya. Sai da muka yi nisa a hanyar Katsina na roƙi direba ya tsaya, na jawo kwalin.

Tawul ya jiƙe da kashi. Bakinsa a buɗe, baƙin harshensa ya bushe yana ɗagawa yana sauka. Idon nan mai ruwan ɗorawa da ke bin mutum ko'ina ya lumshe rabi. Da na warware shi fikafikan suka zube gefe-gefe, ƙafafunsa da zafi a tafin hannuna, ya kasa damƙe yatsana. Gashin wutsiya biyu sun karye. Wannan ne karo na farko da na taɓa shi bai cije ni ba. Na fasa ruwan leda mai sanyi na kwarara masa, wata mata a motar tana salati tana cewa in diga masa a baki kaɗan-kaɗan. Da rabon zai sha ruwa a gaba, muka isa Kano da ransa.

Washegari likitan dabbobi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, gara ma da ka sa shi a keji ka lulluɓe da zane." Shi ya fahimtar da ni abin da na aikata. Tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikinsa da ma yana wajen digiri 41, tazarar da ke tsakanin lafiya da halaka kaɗan ce, kuma hanyar da yake rage zafi ita ce haki da buɗe fikafikai don iska ta ratsa. Na ɗaure fikafikan. Sannan numfashinsa ba irin namu ba ne: ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, jakunkunan iska gare shi a cikin jiki, sai ƙashin ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka iska ke shiga. Wanda ya matse ƙirjin tsuntsu ya shaƙe shi, ko bai taɓa wuyansa ba. Ƙarƙashin kujera kuma nan zafin inji da hayaƙi ke taruwa, huhun tsuntsu kuwa ya fi namu saurin zuƙar guba. Ruwan sanyin da na sheƙa masa ma kuskure ne, kamata ya yi a jiƙa ƙafafunsa a yayyafa masa ruwan da ba sanyi ƙarara ba, a kai shi inuwa. Ƙwayar barcin da na ƙi ce kaɗai abin da na yi daidai, ita ma ba da sani ba.

Jiki ya warke cikin 'yan makonni. Bakin ne ya mutu. Na sayo keji mai tsada na ajiye a falo, yara suka kewaye shi suna jiran muryar kakansu, shi kuwa ya juya musu baya. Gyaɗar da aka zuba masa sai ya watsar. Daga nan ya fara cisge gashin ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya, da safe a tarar da ƙasan keji fari fat, har fatar ta fito fili. Likita ya ce sananniyar cuta ce ga aku, damuwa da kaɗaici ke kawo ta, kuma in ta zama ɗabi'a da wuya ta bari. A daji aku cikin garke yake kwana, ya zaɓi abokin zama ɗaya ya daɗe da shi. Wanda aka raba da garke tun yana ƙarami, mutanen gida su ne garkensa, a cikinsu kuma ya kan ware mutum guda. Kaifin hankalinsa ba tatsuniya ba ce. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta shekara 30 tana nazarin wani aku mai suna Alex, wanda kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Halittar da ke iya wannan ta san an ɗauke ta daga bedinta, ta kuma san hannun da ke miƙo mata abinci ba shi ne na da ba.

Na yanke shawarar mayar da shi. Kafin in shirya aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka. Mutane ba su daina wucewa ba, sai dai ta hanyoyin daji a kan babura. Wani ya ce in ba shi kwalin ya kai mini Agye kafin la'asar. Kwali kuma? Na ce ya bari. A watannin nan ne na zauna na bincika abin da ƙanena ya so in bincika tun farko.

Akwai yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, CITES, wadda aka ƙulla a Washington a 1973. Nijar da Najeriya duk suna cikinta tun 1975. A taron Johannesburg na 2016 aka ɗaga aku mai ruwan toka zuwa jeri na ɗaya, mafi tsanani, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2017. Tun daga nan an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda kuma zai ƙaura da nasa na gida, sai ya sami izinin shigarwa daga ƙasar da za shi, da izinin fitarwa daga ƙasar da zai bari, kuma ba a ba da na fitarwa sai an gamsu cewa ta halal aka mallaki tsuntsun. Nijar na da dokar farauta da kare namun daji ta 1998, Najeriya na da tata kan dabbobi masu ƙarewa tun 1985. Bayan wannan akwai takardar lafiya daga likitan dabbobi na hukuma, wadda ta hau kan kowane tsuntsu, har tantabarar da ba ta cikin jerin CITES. Mai nufin Turai ko Amurka kuma nasa ya fi yawa: alamar shaida a jikin tsuntsu, akwatin da kamfanin jirgi ya yarda da shi, da killacewa, wadda a Amurka kwana 30 ce.

Da can ina ganin irin waɗannan dokoki neman wahalar da talaka ne kawai. Wasu ma har yanzu haka nake ganinsu. Amma wannan da dalilinta. A cikin kimanin shekara 40 daga 1975, aku fiye da miliyan 1.3 aka fitar daga dazukan Afirka da takardu, ban da na sumoga, ban da waɗanda suka mutu kafin su kai filin jirgi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. Danƙo ake shafa wa rassa su manne, ko a kwashe 'ya'ya daga kogon itace, a datse fikafikai, a cusa su cikin akwatuna. Da na karanta yadda masu fasa-ƙwauri ke yi, naɗewa da toshewa a duhu don kada tsuntsu ya yi ƙara a shinge, sai na ga aikina ne sak. Bambancin kawai su kuɗi suke nema, ni kuwa ina kiran nawa ƙaunar mahaifi.

Takardar lafiyar ma ba ado ba ce. A Fabrairun 2006 aka gano murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji, jihar Kaduna, watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Magarya ta Nijar. Wanda ya ga yadda aka hallaka kajin mutane a shekarar ya san abin da tsuntsu ɗaya mara lafiya ke iya jawo wa gari. A karkararmu kaza da zabo su ne asusun mace, da su take sayen magani da sabulu. Na ɗauki tsuntsun da ke cuɗanya da kajin tsakar gida na ratsa ƙasa biyu da shi ba wanda ya duba lafiyarsa.

Wani abokin cinikina ɗan Tsibiri ya so ya rage mini nauyi. Ya ce tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, da yawansu da 'yar kaza ko akuya a hannu, wa ya tambaye su takarda? Na ce masa ai misalin nan ƙara tona ni yake. Su korarsu aka yi cikin dare, abin da hannu ya kai gare shi suka ɗauka. Ni babu mai bina. Ina da lokaci, ina da kuɗin mota, ina da ƙane mai ilimi da ya faɗa mini gaskiya, ga kuma tsohuwa da ta fi kowa sanin tsuntsun tana roƙona.

Wani abu da na gane daga baya ya fi duk wannan ɗaci. Ko da na je ofishin gandun daji, mai yiwuwa ba za a ba ni izinin ba, domin Baba bai karɓo ko guntuwar takarda ba ranar da ya saye shi. To da an hana ni, me zai faru? Da Waziri ya zauna a bedinsa, Inna na sosa masa ƙeya. Wato a'ar da na guje wa ita ce amsar da ta dace, kuma an riga an ba ni ita kyauta a ɗakin Inna kafin kowane ma'aikaci ya buɗe baki. Duk tunanina ya tafi kan yadda za a kai shi, ban tsaya ko sau ɗaya kan ko ya kamata a kai shi ba.

An buɗe iyaka a Maris na 2024. Na je Agye ni kaɗai na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai, har zargin da na yi mata a zuci. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Allah shi yafe muna baki ɗai. Amma kada ka sake ɗora shi mota. Tafiya guda ta ishe shi." Likita ma haka ya ce: tsuntsu mai shekara 30 da ya sha wannan wuya, ya kuma fara sabawa da wuri, sake tumɓuke shi wata sabuwar cuta ce. Ga shi kuma a idon doka mayar da shi ma fitarwa ce daga wata ƙasa zuwa wata, da takardunta.

Abin da ya ceci Waziri 'yata ce ta fari. Ita ta fitar da kejin daga falo zuwa inuwar mangwaron tsakar gida, ta riƙa zama kusa da shi tana tsintar shinkafa ba ta ko dubansa, har ranar da ya sauko da kansa ya karɓi gwaiba a hannunta. Ita ta ce a riƙa sa Inna tana aiko da saƙon murya ta WhatsApp. In aka kunna sai ya karkata kai ya matso jikin waya, wani lokaci ya yi 'yar ƙara a maƙogwaro. Gashin ƙirjin ya dawo rabi, wani wurin ya zauna fili. Bakin ma ya buɗe, sai dai da kayan Kano: tashin janareto, hon ɗin adaidaita sahu, da muryar maiɗakina tana kiran yara su tashi makaranta. Jaki ya tafi, turmi ya tafi. Gyaran muryar Baba, wanda saboda shi na yi duk wannan, ba mu sake jin sa ba.

Aku kan kai shekara 50 a hannun mutane, wani ya wuce, don haka ba mamaki ya ga bayana. Na tara 'ya'yana na ce ko bayan raina kada a sa shi cikin rabo, na mai ba shi abinci ne. Na ɗauka na kashe magana ke nan. Sai ga shi bana an zo neman auren yarinyar, kuma yaron ɗan Gazawa ne, can za ta tare. Ta ce ba ta tafiya ta bar Waziri, Inna ta ce ba a ɗora shi mota, ni kuma wannan karon na fara da ofis. Sun karɓe ni da mutunci, suka ba ni jerin abin da zan kawo. Na farko a jerin shi ne shaidar inda aka samo tsuntsun, wanda ya sayar wa Baba shi a Kurmi a 1994 kuwa ko sunansa babu mai tunawa a gidanmu. Dangin yaron suna ta aiko a sa rana, na ce su ba ni zuwa bayan girbin aya.